Cin Ruwa A Ƙafa: Abin Da Magungunan Gida Ke Iya Yi, Da Inda Ƙarfinsu Ya Ƙare

Tun kafin gari ya gama wayewa ma'aikacin da ke zaune a Mararaba, Kubwa ko Lugbe yake ɗaure igiyar takalminsa, idan har yana so ya riga cunkoson motoci isa Sakatariyar Gwamnatin Tarayya. In ban da 'yan mintocin sallah, ba zai sake kwance ta ba sai bayan magariba. Hadimin minista ko na sanata kuwa, wanda ba shi da lokacin tashi sai na maigidansa, yakan kai goma na dare a tsaye. Sa'o'i 12 zuwa 16 ke nan ƙafa tana kulle cikin safa da takalmi sau-ciki, a garin da ruwan sama ke sauka tun daga Afrilu har Oktoba.

Takalmin yana sheƙi, domin mai shushaina ya yi aikinsa a bakin ofis. Abin da ke cikinsa ne ba a magana a kai: ƙaiƙayi tsakanin yatsu, fata ta yi fari ta jiƙe, tana saɓa, wani lokacin ta tsage ta riƙa raɗaɗi, ga wari idan aka cire safa. Hausawa suna kiran wannan cin ruwa. Mutum yakan ji nauyin kai irin wannan ƙorafi gaban likita, saboda haka sai ya koma ga abin da ke kicin ko abin da abokin aiki ya ba shi shawara: tafarnuwa, gishiri, ruwan khal, ganyen darbejiya, lalle. Wasu daga cikin waɗannan suna da amfani, wasu ba su ƙara komai, wasu kuma suna mayar da ƙaramin ciwo babba.

Mene ne cin ruwa?

Sunan yana sa a ɗauka cewa ruwa ne ke cin fata. Ruwa yana share fage ne kawai. Masu cin fatar wasu ƙananan halittu ne dangin fumfunar da ke fitowa a kan burodin da ya kwana biyu, waɗanda likitoci ke kira fangas. Wadda ta fi yawan haddasa cutar a duniya ita ce Trichophyton rubrum. Abincinta shi ne keratin, sinadarin da aka gina saman fata da farce da gashi da shi, kuma abin da take bukata don ta yaɗu shi ne ɗumi da laima da rashin iska. Shi ya sa ta fi kama tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi, inda yatsu suka fi matsewa. 'Yar gida ɗaya ce da makero, kuma ita ce kan koma matsematsi idan mutum ya sosa ƙafa ya taɓa can, ko ya goge jikinsa duka da tawul ɗaya.

Ana ƙiyasta cewa kusan mutum 15 cikin 100 a duniya suna ɗauke da ita. Ta fi kama maza, kuma ba ta cika kama yaran da ba su balaga ba. Turawa suna kiranta ciwon ƙafar 'yan wasa saboda yadda take yaɗuwa a ɗakunan wanka da na sauya kaya na filayen wasanni, amma ba sai mutum ya taɓa buga ƙwallo ba. Ɓawon fatar da ya faɗo daga ƙafar mai cutar yakan zauna a daɓen banɗaki, a darduma, a silifas ɗin da kowa ke sakawa, ko a takalmin gwanjo, ƙwayar kuma tana iya daɗewa a cikinsa da ranta.

Tana zuwa a siga uku. Akwai ta tsakanin yatsu, wadda aka fi sani. Akwai wadda ke mamaye tafin ƙafa da dunduniya, fata ta bushe ta yi kauri tana zubar da gari, har a ɗauka kaushi ne ko faso. Akwai kuma mai fitar da ƙananan ƙuraje masu ruwa a tsakiyar tafin ƙafa. Magungunan gida, idan ma za su yi aiki, a kan ta farkon suke yi, tun tana sabuwa.

Bushewa kafin komai

Duk abin da za a shafa ko a jiƙa ƙafa a ciki, yana bayan wannan: a raba ƙwayar da laimar da take rayuwa a kai. Wannan ne maganin gidan da babu likitan da ke jayayya da shi, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, wataƙila don ba a sayar da shi a kasuwa.

A wanke ƙafa da sabulu safe da yamma, a ɗauraye sosai, sannan a bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya da tawul na musamman wanda ba a goge sauran jiki da shi, ba kuma a ara wa kowa. Ga mai alwala a ofis, nan ne gizo ke saƙar. Sau biyu ko uku a rana ana wanke ƙafa, sai a yi sauri a mayar da safa a kan danshi domin a koma bakin aiki. Wani bincike da aka wallafa a 1998 a birnin Durban na Afirka ta Kudu ya gano cewa cutar ta fi yawa a tsakanin masu zuwa masallaci a kai a kai idan aka kwatanta da sauran jama'a, kuma an samu ƙwayar a wuraren alwala da shimfiɗun masallatai. Wanke ƙafa tsafta ce. Matsalar tana wajen rufe ta kafin ta bushe, da taka jiƙaƙƙen daɓe ba takalmi. Ƙaramin tawul a aljihun tebur, da silifas na kashin kai, da minti biyu na haƙuri kafin a sa safa, sun isa su toshe wannan ƙofa.

Safa kuma a canza ta kullum, mai yawan gumi ya riƙe ta biyu a jaka ya sauya da rana. Gwaje-gwajen da aka yi a kan wanki sun nuna cewa ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi ba ya gamawa da ƙwayar, sai zafin ya kai digiri 60. Wanda ba shi da injin wanki sai ya jiƙa safar a ruwan zafi, ya juya cikinta waje, ya shanya ta a rana sosai, sannan ya bi ta da guga. Takalmi shi ma yana bukatar hutu. Wanda aka sa yau ba ya gama bushewa kafin gobe, musamman da damina, don haka mai ƙafa biyu na takalmi ya riƙa musanya su, ya ciro shimfiɗar ciki ya sa a rana. Na fata ya fi na roba barin iska ta shiga. Ranar Juma'a, da kaftani ke ba da dama, da kuma ƙarshen mako, a bar ƙafa ta sha iska cikin buɗaɗɗen takalmi.

Tafarnuwa: gaskiya da hatsari

A cikin duk abin da ake ambata, tafarnuwa ce ta fi suna, kuma sunan yana da tushe. Idan aka daka ta tana fitar da sinadarai masu kashe fangas, daga cikinsu akwai wanda ake kira ajoene. A shekarar 2000 wata mujallar likitocin fata ta Amurka ta wallafa gwajin da aka yi a kan sojoji 47 na ƙasar Benezuwela masu cin ruwa. An shafa wa wasu man da ke ɗauke da ajoene, wasu kuma terbinafine, maganin da ake sayarwa a kemis, na tsawon mako guda. Bayan kwana 60, duk waɗanda aka shafa wa ajoene mai ƙarfin kashi ɗaya cikin ɗari sun rabu da ƙwayar, yayin da kashi 94 cikin ɗari na masu terbinafine suka rabu da ita.

Sai dai a lura da abu biyu. Mutum 47 ba su da yawa. Sannan abin da aka shafa musu sinadari ne da aka tace aka auna a ɗakin gwaji, ya sha bamban da dakakkiyar tafarnuwar da ake cusawa tsakanin yatsu a ɗaure da tsumma a kwana da ita. Ɗanyar tafarnuwa tana ƙona fata kamar wuta, kuma likitoci a ƙasashe da dama sun rubuta rahotannin irin wannan ƙuna. Ni kaina na gwada a wata damina, bisa shawarar wani abokin aiki. Na kwana da ita dare ɗaya, na wayi gari da bororo biyu, na yi mako guda ina zuwa ofis da silifas ina ba da uzuri. Garin neman gira na kusa rasa ido. Wanda ya nace sai ya yi amfani da ita, ya daka ƙwaya uku ko huɗu ya zuba a ruwa mai ɗumi, ya jiƙa ƙafa na ɗan lokaci, ya ɗauraye ya busar, kuma kada ya yi hakan idan fatar ta riga ta tsage.

Man tea tree

Na biyu a ƙarfin hujja shi ne man da ake tatsowa daga ganyen wata bishiya ta ƙasar Ostireliya, Melaleuca alternifolia, wanda ake samu a shagunan kayan kwalliya da manyan kantunan magani da sunan tea tree. Ba shi da alaƙa da ganyen shayi. A 2002 masu bincike a Ostireliya sun gwada shi a kan mutum 158 na tsawon makonni huɗu. A cikin waɗanda suka shafa mai ƙarfin kashi 50 cikin ɗari, kashi 64 sun rabu da ƙwayar, alhali a cikin waɗanda aka ba ruwan da babu magani a ciki kashi 31 ne kawai. Wani gwaji da ya gabace shi a 1992, da mai ƙarfin kashi 10, ya nuna cewa ƙaiƙayi da saɓa sun ragu amma ƙwayar tana nan daram.

Ma'anar wannan ita ce man yana aiki, amma bai kai magungunan kemis ba, kuma idan aka tsarma shi da yawa sai ya kwantar da alamun ya bar cutar. Yana kuma sa wa wasu ƙaiƙayi da kumburin fata, don haka a fara gwada ɗigo ɗaya a damtse a jira kwana guda. Guba ne idan aka sha, a ajiye shi nesa da yara.

Gishiri, khal, alif da sauransu

Sauran magungunan da ake yawan ambata ba a yi musu irin wancan gwaji a kan mutane ba, amma ana iya fahimtar abin da suke yi.

Ruwan gishiri mai ɗumi yana tsotse laima daga fatar da ta jiƙe, yana kuma tsaftace wurin. Minti 10 zuwa 15 sun wadatar. Wanda ya zauna da ƙafa cikin ruwa rabin sa'a ko fiye, ya ƙara wa cutar abin da take so ne.

Ruwan khal, wato binega, yana da tsami, fangas da ƙwayoyin da ke kawo wari kuma ba su jin daɗin tsami. Ana zuba ma'auni ɗaya na khal a ma'auni biyu na ruwa. Yana rage wari, yana iya rage ƙaiƙayi, amma a kan tsagaggiyar fata raɗaɗi kawai zai ƙara.

Bekin soda an ga yana hana fangas girma a ɗakin gwaji. Amfaninsa da ya fi tabbata shi ne a barbaɗa shi cikin takalmi da dare ya sha danshi da wari, a kakkaɓe da safe. Alif, wanda iyayenmu ke jefawa a randa don ruwa ya kwanta, yana tsuke fata ya rage gumi, saboda haka ɗan kaɗan a ruwan jiƙa ƙafa yana taimaka wa mai yawan zufa.

Darbejiya, wadda wasu ke kira dogonyaro, ta daɗe a cikin magungunan fata a nan da Indiya, kuma ruwan ganyenta yana danne wasu nau'o'in fangas a ɗakin gwaji. Dafa ganyen a bari ya huce a wanke ƙafa da shi ba ya cutarwa ga mafi yawan mutane. Haka lalle, wanda mata suka daɗe da lura cewa yana busar da ƙafa ya rage cin ruwa. Sinadarin da ke ba shi launi yana da ɗan tasiri a kan fangas. Amma wannan magana ce ta jan lalle na ganye. Baƙin lalle na zamani sau da yawa ana haɗa shi da sinadarin rini mai suna PPD, wanda ke iya tayar da fata ya bar tabo.

Man kaɗanya da man kwakwa suna da kyau ga dunduniyar da ta bushe, musamman da hunturu. Tsakanin yatsu kuwa ba wurinsu ba ne, domin maiƙo yana riƙe laima.

Abin da bai kamata ya taɓa ƙafa ba

Akwai shawarwarin da ke yawo a tashoshin mota da zaurukan WhatsApp waɗanda ba su da wani amfani sai illa: man birki, baƙin mai, kananzir, ruwan batir, bilic, kanwa, toka, da magungunan wanke banɗaki. Raɗaɗin da suke yi shi ke sa mutum ya ɗauka magani yana ci, alhali fatar ce ke ƙonewa, ƙonanniyar fata kuma ƙofa ce ga ƙwayoyin da suka fi fangas haɗari.

Akwai kuma tarkon da ke cikin kemis ɗin kansa. Mayuka masu araha da ake tallatawa a matsayin maganin kowace irin cutar fata galibi haɗi ne na magunguna uku, ɗaya daga ciki sitiroyid mai ƙarfi irin su clobetasol ko betamethasone. Sitiroyid yana kashe ƙaiƙayi cikin kwana biyu, amma yana raunana garkuwar fata, sai fangas ta bazu a ɓoye, ta dawo da ƙarfi da zarar an daina shafawa. A Indiya likitocin fata suna danganta yawan amfani da irin waɗannan mayuka da ɓullar wata sabuwar fangas, Trichophyton indotineae, wadda sau da yawa ba ta jin terbinafine, kuma ta riga ta isa Turai da Amurka. Kafin a biya kuɗi, a karanta jikin kwalin.

Mai ciwon suga ya tsallake duk wannan

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Tsagar da ke tsakanin yatsu, ƙarama ce a ido, amma likitoci sun daɗe da sanin cewa tana cikin manyan hanyoyin da bakteriya ke bi su shiga ƙafa su haddasa kumburi mai zafi da zazzaɓi. Ga mai lafiya, wannan kan ƙare da allurai ko kwanciyar 'yan kwanaki a asibiti. Ga mai ciwon suga, wanda jijiyoyin ƙafarsa suka fara mutuwa kuma jini ba ya isa can sosai, labarin yakan yi muni. Wani bincike da aka gudanar a manyan asibitoci shida na Najeriya tsakanin 2016 da 2017, a kan marasa lafiya 336 da aka kwantar saboda gyambon ƙafa na ciwon suga, ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku an yanke musu wani sashe na ƙafa, kuma kusan ɗaya cikin biyar sun rasu.

Don haka mai ciwon suga kada ya jiƙa ƙafa a ruwan zafi, domin yana iya ƙonewa bai ji ba. Kada ya sa tafarnuwa ko khal ko wani mai ƙarfi. Ya duba tsakanin yatsunsa kowane dare, da madubi ko da taimakon iyali, kuma da ya ga canji ya nufi asibiti. Haka mai cutar da ke raunana garkuwar jiki, da mai shan magungunan da ke danne ta, da mai kumburin ƙafa na dindindin. Yawancin manyan jami'an da hadimai ke yi wa hidima sun kai shekarun da ciwon suga ya fi yawa, kuma akwai masu ɗauke da shi ba su sani ba. Cin ruwan da ke ta dawowa duk da magani dalili ne na a auna suga.

A sa wa maganin gida wa'adi

Ga mai lafiya wanda cutar ba ta wuce tsakanin yatsu ba, tsari mai ma'ana shi ne ya ba bushewa da ɗaya daga cikin hanyoyin da ba su da haɗari makonni biyu. Idan babu sauƙi a bayyane, ya tafi kantin magani mai rajista ya nemi man da ke ɗauke da maganin fangas shi kaɗai. Terbinafine yakan yi aiki cikin mako ɗaya zuwa biyu. Clotrimazole da miconazole suna bukatar kimanin makonni huɗu. Akwai kuma tsohon man Whitfield, wanda ya samo sunansa daga likitan fata na Landan, Arthur Whitfield, da ya haɗa shi fiye da shekara ɗari da suka wuce. Yana da araha, sai dai yana ɗaukar lokaci. Kuskuren da aka fi yi shi ne dainawa ranar da ƙaiƙayi ya tsaya. A cika kwanakin da aka rubuta, a shafa har gefen wurin da ya kamu, a duba ɗaya ƙafar ma.

Akwai alamun da ba a jira makonni biyu a kansu: ƙafa ta kumbura ta yi zafi, mugunya, jan layi yana hawa ƙwauri, kaluluwa a matsematsi, ko zazzaɓi. Idan kuma farce ya yi kauri ya canza launi yana marmashewa, ko cutar ta mamaye tafin ƙafa, ba man shafawa ko jiƙo da zai kai ga saiwarta. Sai ƙwayoyin sha na makonni ko watanni, waɗanda likita ne ke rubutawa domin wasunsu suna taɓa hanta. Ba kowane ƙaiƙayin ƙafa ba ne ma cin ruwa. Kirci, da rashin jituwar fata da robar takalmi, da wasu cututtukan bakteriya suna kama da shi, kuma ɗan kankaro fata a duba a na'ura yana raba gardama.

Ma'aikacin gwamnatin tarayya da ke cikin tsarin inshorar lafiya na hukumar NHIA yana da damar ganin likita a asibitin da ya zaɓa, ya biya kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani. Abin da ke hana mutane zuwa galibi kunya ce, da tunanin cewa ciwon bai kai a nemi izinin fita ofis a kansa ba. Likitan da ke duba marasa lafiya a Abuja da damina ya ga irin wannan ƙafa ba adadi, kuma ya fi son ya gan ta tana ƙaiƙayi da ya gan ta ta kumbura. Kafin nan, a daren yau idan an cire takalmi, a buɗa yatsu a duba, a busar da su, a fitar da takalmin gobe daban da na yau.